Yadda na bar sahun gaba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da makullin masallacin unguwarmu a Kano, kuma a mafi yawan waɗannan shekaru ni ne mai jan sallar asuba duk ranar da liman ya yi tafiya ko jikinsa ya motsa. Da safe ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare, da yamma kuma ina koyar da fiƙihu da tauhidi a Islamiyya. Na fara da wannan bayani ne saboda na san abin da ake faɗa a kan mutum irina, wato ko dai tun asali bai san addinin ba, ko kuma son zuciya ne ya ja shi yana neman hanyar holewa ba tare da tsoron hisabi ba. Ni dai har yau ban taɓa kai giya bakina ba, matata ɗaya ce, kuma na sauke Alƙur'ani ina ɗan shekara goma sha huɗu, sannan na bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala a zauren mahaifina tun kafin in shiga jami'a. Ba zan faɗi sunana ba, kuma duk wanda ya san garin da nake magana a kai ba ya buƙatar a gaya masa dalili.

Mahaifina ɗan Tijjaniyya ne wanda wazifa ba ta wuce shi, ni kuwa da na shiga jami'a sai na koma ɓangaren masu kiran wannan hanya bidi'a, na zama mai bin karatun marigayi Malam Ja'afar Mahmud Adam har zuwa lokacin da aka harbe shi yana jan sallar asuba a Ɗorayi a watan Afrilun 2007. Mun sha yin musu da mahaifina a zaure, shi ya kawo aya in kawo aya, ya kawo hadisi in ce a duba ingancinsa, har wata rana ya kore ni daga gabansa. Abin da ban lura da shi ba a lokacin, sai daga baya ya dawo mini, shi ne cewa yaƙinin da yake ji a zuciyarsa idan yana zikirin Juma'a bai gaza nawa ba ko kaɗan, hawayensa na gaske ne kamar yadda nawa suke na gaske, alhali kowannenmu yana ganin ɗayan ya kauce. Ashe ke nan jin tabbaci a zuciya ba ya iya zama shaida a kan wanda yake da gaskiya. Na ajiye wannan tunani a gefe na ci gaba da harkokina, domin a lokacin ina ganin hujja tana hannuna.

Auren zumunci na yi, 'yar ƙanin mahaifina aka ba ni, shi ya sa har yau Yaya take kirana. Ba mu yi gwajin jini ba, domin a wancan lokacin ba a cika yi ba, kuma ko da wani ya kawo maganar sai a ce yana neman shiga hurumin ƙaddara. Ɗanmu na fari ya zo lafiya. Ta biyu mace ce, an haife ta a 2009, kuma tana da wata bakwai hannayenta da ƙafafunta suka kumbura, ta kwana tana tsala kuka irin wanda ban taɓa jin jariri ya yi ba. Da aka gwada jininta aka ce sikila ce. Abin kunyar shi ne, ni da nake tsayawa gaban allo ina zana wa ɗalibai yadda mai jinin AS idan ya auri mai jinin AS kowane ciki yake da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, ban taɓa kai kaina an duba nawa jinin ba.

Shekara shida muka yi muna jinya. Mun san hanyar asibiti da tsakar dare, mun san neman mai ba da jini, mun san yadda sanyin hunturu da na damina suke tayar da ciwon har yarinya ta riƙa cewa ana sara mata ƙashi. A ɓangaren addu'a kuwa babu abin da ban yi ba. Na yi ƙiyamul laili, na yi azumin nafila, na yi sadaka, na nemi sa'ar amsa addu'a ta ranar Juma'a da sulusin dare na ƙarshe, mahaifiyata kuma ta karɓo rubutu an ba ta ta sha, ni da nake wa'azi a kan hakan na kawar da kai kamar ban gani ba. A cikin waɗannan shekaru na lura da wani abu da na yi ta ƙoƙarin kada in lura da shi. Idan an samu jini da wuri, an ba ta ruwa da maganin kashe zafi a kan lokaci, sai ta samu sauƙi, ko na yi addu'a a daren ko gajiya ta sa barci ya kwashe ni. Idan kuwa aka yi jinkiri sai abin ya tsananta, ko da na kwana a kan sallaya. A ɗakin da ake kwantar da su akwai 'ya'yan malamai da 'ya'yan fastoci da 'ya'yan waɗanda ko alwala ba su iya ba, kuma ciwon bai taɓa bambance su ba. Ta rasu a damina ta 2015, da hantsi, a hannun mahaifiyarta.

Masu ta'aziyya sun faɗi abin da aka saba faɗa, wanda ni ma na faɗa wa wasu sau ba adadi, cewa Allah ya fi mu sonta, cewa za ta cece mu ranar gobe, cewa jarrabawa ce. Ina amsawa da amin, amma a cikin raina wata tambaya ta tsaya cak ta ƙi wucewa: idan ni ake jarrabawa, me ya sa ƙasusuwanta ne suke ciwo? Na san amsoshin malaman tauhidi, domin na koyar da su. Na san cewa mai mulki yana yin yadda ya so a mulkinsa kuma ba a tambayarsa, na san cewa akwai hikimar da hankalinmu bai kai gare ta ba. Sai dai a matsayina na malamin ilimin halittu na san wata amsar da ba ta buƙatar ɓoyayyiyar hikima. Jinin AS yana ba mai shi kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ya yawaita a ƙasashen da sauro ya yi katutu, har ya zama kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar a Najeriya yana ɗauke da shi, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana haifar yara kimanin 150,000 da sikila a ƙasar nan duk shekara. Wato iyaye su tsira daga sauro, wasu daga cikin 'ya'yansu su biya bashin. Wannan bayanin ya dace da duk abin da na gani da idona ba tare da ya bar saura ba, kuma babu tausayi ko mugunta a cikinsa, lissafi ne kawai. Abin da ya tsorata ni shi ne yadda na ga duniya tana tafiya daidai da yadda za ta tafi idan babu mai sauraren kukan kowa.

Ban karɓi wannan tunani hannu biyu ba, yaƙarsa na yi. Bayan sadakar arba'in na je wurin wani dattijon malami da nake girmamawa, na jira har almajirai suka watse, sannan na matsa kusa na ce, "Allah gafarta Malam, wani abu yana zuwa mini a zuciya wanda na fi son ƙasa ta haɗiye ni da in furta shi." Bai tsawata mini ba, kuma har gobe ina ganin girmansa saboda haka. Ya ce, "Ɗana, ai sahabbai ma sun kai wannan kuka." Ya karanto mini hadisin da ke cikin Sahihu Muslim inda suka ce suna jin abin da yake musu nauyin faɗa, aka ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Ya ƙara da hadisin da ya ce Shaiɗan yana zuwa wa mutum yana tambayarsa wa ya halicci kaza, wa ya halicci kaza, har ya kai ga tambayar wa ya halicci Ubangijinka, kuma idan ya kai nan sai mutum ya nemi tsari ya daina. Ya tuna mini da Annabi Ibrahim da ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu domin zuciyarsa ta natsu. Na fito daga zauren da sanyi a raina, kuma sanyin ya kai kamar mako uku.

Daga nan sai na fara ganin inda maganin ya gaza. An ce mini in daina tunanin, ba a ce mini ga amsar ba. Kuma na tambayi kaina, idan Kirista ya je wa fastonsa da kokwanto a kan Triniti, wato aƙidarsu ta Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a matsayin Allah ɗaya, aka ce masa Shaiɗan ne, ya yi addu'a ya daina tunani, ashe ba mu ne muke cewa an rufe masa ido ba? Me ya sa shawarar da nake ganin ta zama tarko a gidan maƙwabci za ta zama magani a gidana? Duk da haka na yarda aka yi mini ruƙiya sau biyu, saboda matata ta lura ba na barci kuma ta yi zargin ko sammu ne. Na zauna aka yi ta karatu a kunnena, ina fatan in faɗi in yi ta birgima wani aljani ya yi magana da bakina, domin da hakan ta faru da na huta, da na san abin daga waje yake. Babu abin da ya motsa.

Wanda ya fi kowa riƙe ni a wannan lokaci shi ne Imam Gazali, saboda shi kaɗai na samu a cikin manyan malamai wanda ya rubuta irin wannan hali da bakinsa. A cikin Munƙizu minad Dalal ya faɗi cewa tun yana matashi ya lura 'ya'yan Nasara suna tashi Nasara, 'ya'yan Yahudu suna tashi Yahudu, 'ya'yan Musulmi suna tashi Musulmi, kuma wannan ne ya sa ya fara neman abin da yake gaskiya ba gado ba. Ya kai ga shakkar abin da idonsa yake gani da abin da hankalinsa yake yankewa, ya yi kusan wata biyu a haka. Daga baya kuma, a shekarar 1095, yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, harshensa ya ɗaure ya kasa koyarwa, har ya bar garin da muƙaminsa. Na karanta wannan ina kuka, domin na ji kamar wani ya leƙa cikina. Amma da na kai inda ya bayyana yadda ya warke daga shakkar sai jikina ya yi sanyi, domin ya faɗa a fili cewa ba ta hanyar jera hujjoji ya fita ba, wani haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji. To, wanda ba a jefa masa ba fa? Na yanke shawarar in nemi hasken da gaske. A azumin 2016 na shiga i'itikafi na kwana goma, na bar waya a gida, kuma addu'ata guda ɗaya ce a kowace sujada, cewa idan kana ji na, ka ba ni abin da ka ba shi, ko da ɗan kaɗan ne. Na fito daren salla da ramammen jiki da zuciya kamar yadda na shiga da ita.

Ba rana ɗaya imanina ya tafi ba, kuma ba zan iya nuna ranar da ya ƙare ba, kamar yadda mutum ba ya iya nuna ranar da rijiyar gidansu ta fara ja baya. Abin da nake iya tunawa shi ne ranar da na gane ya riga ya tafi. Wata asuba ce a farkon 2017, liman ba ya nan, aka tayar da iƙama na shiga gaba, na ɗaga hannu zan yi kabbarar harama, sai na nemi niyya a zuciyata na rasa. Na san hukuncin, domin na koyar da shi: niyya farilla ce kuma a zuciya take, sallar mamu kuma tana rataye da ta liman. A bayana akwai dattawa da suka taso cikin sanyi, wasu da sanda, suna miƙa mini amanar sallarsu. Na ja sallar har na sallame, muryata ba ta ko rawa ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro, ganin cewa zan iya yin haka shekara talatin babu wanda ya gane. A makon nan na mayar da makulli, na ce aikin makaranta ya yi mini yawa. Bayan wata biyu na bar Islamiyya da irin wannan uzuri. Daga sahun gaba na koma na tsakiya, daga nan na koma na baya kusa da takalma, inda mutum yake iya fita ba a lura ba.

Mutane suna zaton wanda ya bar imani yana jin kamar an sauke masa kaya. Ni abin da na ji ya fi kama da maraici. Na yi wata da watanni ina farkawa a firgice da mafarkin kabari da Mala'ikun tambaya, abin da hankalina ya daina gaskatawa amma jikina bai daina tsoro ba. Mafi ciwo kuma shi ne na rasa 'yata karo na biyu, domin a da ina da wurin da na ajiye ta, ina cewa tana can tana jira, yanzu kuwa ba ni da inda zan ce take.

Kaɗaici ne ya kai ni intanet. Na buɗe shafi a Facebook da sunan da ba nawa ba, kuma na yi mamakin yawan Hausawan da na tarar a irin halina, maza da mata, daga Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram, har da waɗanda suka tashi a coci. Wata da ta girma a gidan mai wa'azin Kirista a kudancin Kaduna ta ba ni labarinta, na ga in ban da sunaye babu abin da ya raba shi da nawa, har da zuwa wurin babba a ce mata Shaiɗan ne, har da tsoron wuta da ke tashinta da dare. A can ne kuma na gane cewa ba jinsi ɗaya ba ne mu. Akwai mulhidai da suka yanke cewa babu Allah, suna faɗa da ƙarfi. Akwai masu cewa akwai mahalicci amma bai aiko kowa ba. Akwai kuma masu cewa ba su sani ba, kuma ba sa jin akwai wanda ya sani, matsayin da wani masanin Ingila mai suna Thomas Huxley ya ƙirƙira wa suna a 1869, Larabawa kuma suke kiran masu shi 'yan la'adriyya, daga kalmar la adri, wato ban sani ba.

Na ɗan zauna da rukunin farko, amma ban daɗe ba. Wasunsu sun bar addini ne ba su bar halin da suka koya a cikinsa ba, suna da yaƙini irin na mai wa'azin kasuwa, suna raina iyayensu, suna kiran duk mai salla wawa. Ni kuwa na san mahaifina ba wawa ba ne, malamin da ya karɓe ni a zaurensa ma ba wawa ba ne. Ban da haka, hujjar da na koyar daga littattafan tauhidi, cewa duniya fararriya ce kuma duk fararre yana buƙatar mai farar da shi, ba ta mutu gaba ɗaya a wurina ba. Har yau idan na tambayi kaina me ya sa akwai wani abu maimakon babu komai, ba ni da amsa, kuma ban ga wanda ya ba da amsar da ta gamsar da ni ba, ko a cikin masana kimiyya. Inda hujjar ta tsinke mini shi ne tsakanin wannan mafari da ba a san ko mene ne ba da Ubangijin da yake jin addu'ar uba a sulusin dare, ya kuma damu da abin da ke faruwa a ɗakin yara masu sikila. Tsakanin waɗannan biyu akwai tafiya mai nisa, kuma na duba ban ga gadar ba. Saboda haka na tsaya a kan ban sani ba. Abin dariya, a zauren mahaifina na fara jin darajar wannan kalma, inda ake ba mu labarin cewa an yi wa Imam Malik tambayoyi arba'in da takwas ya amsa talatin da biyu da la adri. Na san shi a kan rassan fiƙihu ya faɗe ta, ba a kan tushe ba, kuma da ya ji inda na kai ta da bai yarda da ni ba.

A ƙarshen Afrilun 2020 aka kama Mubarak Bala, wani mulhidi da ya bar Musulunci a fili, a Kaduna aka kawo shi Kano saboda abubuwan da ya rubuta a Facebook. A daren da labarin ya bazu na goge shafina, kuma na san da yawa sun yi haka, domin cikin kwana biyu wuraren da muke haɗuwa suka zama kufai. A Afrilun 2022 wata babbar kotu a Kano ta yanke masa shekara 24, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar a 2024. Wata guda bayan hukuncin farko aka kashe Deborah Samuel, wata ɗaliba Kirista, a Sakkwato bisa zargin ɓatanci. Ban taɓa son salon Mubarak ba, ina ganin zafin harshe a kan abin da mutane suke ƙauna fiye da ransu ba ya buɗe kunnen kowa, amma rashin son salon mutum daban, yarda a ɗaure shi shekara 24 saboda magana daban. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, har da 'yancin sauya addini ko aƙida. Na san da wannan sashe, na kuma san cewa babu wanda zai tsaya karanta shi a bakin layinmu idan aka yi kabbara aka taru. Baki shi ke yanka wuya, sai na kama nawa.

Mutum ɗaya ce na kasa ci gaba da ɓoye wa. Na san abin da Risala ta ce a kan wanda ya yi ridda, cewa ana ba shi kwana uku ya tuba, na kuma san a mazhabarmu aurensa ya warware, ba ya gado ba a gadonsa, ba a yi masa salla. Wato a bisa abin da matata ta yi imani da shi, shekara huɗu tana zaune da mutumin da ba mijinta ba, ba tare da ta sani ba, kuma ni da na sani na bar ta a haka. Wannan ya fi komai hana ni barci, domin ko ban yarda da hukuncin ba, ita ta yarda, kuma haƙƙinta ne ta zaɓa da idonta a buɗe. Wani dare a 2021 bayan yara sun yi barci na gaya mata komai, tun daga ɗakin asibiti har zuwa asubar da na rasa niyya. Ta yi shiru har na zaci ba za ta yi magana ba, sannan ta ce, "Yaya, ka zaci ban sani ba? Ni nake shimfiɗa maka sallaya, ni nake naɗe ta." Ta yi kuka sosai, ta tambaye ni ko na ce babu Allah ne. Na ce mata ban ce babu ba, na ce ban sani ba. Ta ce to wanda bai sani ba ai ana iya sanar da shi, ita za ta ci gaba da roƙo, kuma ta ɗauki abin a matsayin ciwo ne da ya same ni tun rasuwar yarinyar, ba ta ɗauke shi ridda ba. Na san wannan fassarar ta yi wa kanta ne domin ta iya zama, kuma ban ƙwace mata ita ba. Ta kafa mini sharaɗi biyu, kada in faɗa wa yara komai har su girma, kuma kada Inna ta ji. Ni kuma na roƙi abu ɗaya, cewa duk cikin 'ya'yanmu babu wanda zai yi aure sai an gwada jininsa da na wanda zai aura, ko da dangi za su yi fushi. Da jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, ita ce ta fara kawo mini labarin.

Haka nake zaune yanzu. Ina zuwa Juma'a, ina zuwa jana'iza da ɗaurin aure, ina kama baki da azumi tare da gidana, wani lokaci saboda tsoro, wani lokaci saboda ba na son in ci abinci ni kaɗai alhali kowa yana jin yunwa. Harshen ma ba ya barin mutum ya fita. Ba a yin sallama, ba a yin godiya, ba a yin ta'aziyya ko barka da Hausa ba tare da sunan Allah ba, kuma na gwada na ga idan ka cire shi maganar takan zama kamar miya babu gishiri, mai sauraro kuma ya ji kamar ka zage shi. Saboda haka ina cewa in Allah ya yarda, ina cewa Allah ya kiyaye hanya, kuma abin da nake nufi da su shi ne ina yi wa mutum fatan alheri da dukan zuciyata. Ko wannan munafunci ne ko ladabi, na daɗe ina auna shi, kuma amsar tana sauyawa gwargwadon wanda nake gaban sa.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta cika haɗa ido da ni ba. Tun rasuwar mahaifina nake zuwa gaishe ta duk ranar Asabar. A watan jiya na same ta a kan tabarma tana jan carbi, ƙafafunta sun kumbura, na durƙusa na gaishe ta, ta sa mini albarka na ce amin. Da na tashi tafiya sai ta ce, tana kallon bango, "Kai, zauna." Ta ce ta ji an ce na daina shiga gaba a masallaci, ba ta kuma tambayi dalili ba, domin babba ba ya rasa uzuri. Amma tana da wasiyya guda, idan ta cika ba ta son liman ko wani malami ya sallace ta, ɗan da ta kai makarantar allo da hannunta shi take so ya tsaya a kanta ya yi mata kabbara huɗu. Ta ce, "Ka ji ko?" Na ce, "Na ji, Inna." Ta ce ba ji ta tambaye ni ba, alkawari take so. Ƙanwata ta shigo da kwanon fura a daidai lokacin, maganar ta katse, na yi sallama na fito. Jibi Asabar ce, kuma na san ba ta manta ba.